Lenovo: Talakan 1984 Yana Da Uzuri, Attajirin 2014 Fa?

Kwamfutar da nake wannan rubutu da ita baƙar ThinkPad ce, ta hannu, mai ɗan jan maɓallin nan a tsakiyar madannai kamar ƙwayar barkono. Ranar da na saye ta, yaron shagon ya daki murfinta da tafin hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai IBM ce, ba irin 'yan Chanan nan ba ce." Ban yi masa musu ba, ciniki ya kai ni. Amma a lokacin kamfanin IBM ya shekara fiye da goma rabonsa da wannan sana'a, kuma Lenovo, wanda sunansa ke jikin murfin, a Beijing aka yanke masa cibiya. Sai dai maganar yaron ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A gefen madannan akwai ɗan tambari manne, an rubuta Intel. Ƙwaƙwalwar na'urar ta Amurka ce, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta Amurka ce, sunan ThinkPad ɗin ma a Amurka aka raɗa shi a 1992.

A kan wannan ɗan tambari Sinawa suka shafe shekaru suna ka-ce-na-ce. Ɓangare guda na cewa Lenovo abin alfahari ne, kamfanin da ya tashi daga ɗakin mai gadi ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da kwamfuta, yana riƙe da kusan rubu'in kasuwar. Ɗaya ɓangaren na cewa babban dillali ne kawai, mai harhaɗa kayan wasu ya liƙa sunansa. Ni ina ganin kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, kuma abin da ke raba su shi ne shekarar da mutum ya tsaya a cikinta yana kallo.

A watan Nuwamban 1984 mutum goma sha ɗaya daga Cibiyar Fasahar Kwamfuta, wani reshe na babbar Cibiyar Nazarin Kimiyya ta ƙasar Sin, suka buɗe kamfani a unguwar Zhongguancun da jarin yuwan 200,000 da cibiyar ta ba su. Jagoransu Liu Chuanzhi, yana da shekara arba'in, ya taɓa aikin gona na tilas a zamanin Juyin Al'adu kamar sauran masu ilimin ƙarninsa. Duk cikinsu babu wanda ya san yadda ake sari balle yadda ake fitar da riba. Sun gwada sayar da agogon lantarki, bai karɓe su ba. Sun shiga cinikin talabijin, aka damfare su kaso mafi tsoka na jarin. Abin da ya fara kawo musu kuɗi aiki ne da babban masani zai raina: duba kwamfutocin da aka shigo da su daga waje, gyara su, da koya wa masu su yadda ake amfani da su.

Mutumin da ya fitar da su kunya shi ne Ni Guangnan, masanin da Liu ya lallaso ya zama babban injiniyan kamfanin. A wancan zamani kwamfutar IBM haruffan Turawa kaɗai ta sani, rubutun Sinanci kuwa alamomi ne dubbai. Ni ya ƙera wani kati da ake cusawa a cikin kwamfuta ta iya karɓar Sinanci, kuma in ka rubuta alama ɗaya sai ta kawo maka waɗanda suka saba biyo ta ka zaɓa. Wannan dabara ta sada tunani da tunani ita ake kira Lianxiang, kuma har gobe sunan kamfanin ke nan a cikin Sin. A kula da wannan: sunan gidan ma daga aikin Ni ya fito.

Liu kuwa fatauci ya sa a gaba. Gwamnati ba ta ba su lasisin ƙera kwamfuta ba da farko, domin 'yan lelenta su ne kamfanonin hukuma irin su Great Wall. Sai ya zagaya ta Hong Kong a 1988, ya kafa reshe da sunan Legend, ya zama dilan kwamfutocin AST na Amurka, ya kuma shiga harkar ƙera faifan uwa, wato allon da sauran sassan kwamfuta ke hawa kai. A hidimar kayan wasu ya koyi lissafin kaya, bashi, talla da kula da mai saye. Sai a 1990 suka fitar da kwamfuta mai sunansu.

Ba a jima ba Sin ta sassauta kuɗin fito, IBM da Compaq da HP suka kwararo, kamfanonin gida suka fara numfashi sama-sama. A 1994, shekarar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong, Liu ya damƙa sashen kwamfuta a hannun Yang Yuanqing, saurayi ɗan shekara 29 da ya shigo a 1989 a matsayin mai talla. Yang ya rage ma'aikatan sashen, ya daina sayarwa kai tsaye ya koma bi ta hannun diloli a larduna, sannan a 1996 ya yi ta karya farashi har baƙin suka kasa bin sa. Daga wannan shekara Legend ya hau kan gaba a kasuwar Sin, bai kuma sauko ba.

A tsakiyar wannan fafutuka ne aminan biyu suka ɓata. Ni ya ce lokaci ya yi da za a zuba kuɗi a zana cip, wato ƙwayar lantarkin da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura, ya kuma nemi a kafa cibiyar wannan aiki a Shanghai. Yana kuma da sashen ƙera na'urorin haɗa layukan tarho, irin sana'ar da Huawei ya tashi a kanta. Liu ya ce a'a. Sinawa sun taƙaita rigimar da jerin kalmomi uku. Tsarin Ni: fasaha, ƙira, ciniki. Tsarin Liu: ciniki, ƙira, fasaha. Abin ya wuce saɓanin ra'ayi, Ni ya kai ƙarar Liu sama yana zarginsa da almundahana a harkar hannun jarin Hong Kong, aka bincika ba a kama Liu da laifi ba. A 1995 aka sauke Ni daga kujerar babban injiniya, a 1999 aka sallame shi ɗungurungum.

A nan, ina bayan Liu, kuma ba da rabin baki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kamfanin da ke kokawar albashin wata, wanda manyan duniya suka yi wa ƙawanya a cikin gidansa, ba shi da ƙarfin da zai ja da Intel a 1994. Zana cip na cin kuɗi shekara da shekaru kafin ya dawo da ko sisi, kuma ko ka zana shi, in babu manhajojin da za su hau kansa, dutse ka ƙera. Ni da kansa ya ɗanɗana wannan daga baya. Bayan ya bar Legend, sai ya mara wa wani cip na gida mai suna Fangzhou baya, an fitar da shi, an yi murna, amma ya mutu a kasuwa saboda babu abin da mutane za su yi da shi. Cibiyar da ta haifi Lenovo ma ta fara nata cip ɗin, Loongson, a farkon shekarun 2000, kuma da kuɗin hukuma ya rayu tsawon shekaru. Irin wannan kaya wuyan gwamnati ke ɗaukarsa. Masu zagin Liu a yau suna mance cewa yawancin sa'o'insa na wancan zamani sun zama labari. AST ɗin da yake yi wa dillanci ya shuɗe. Compaq, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, HP ya haɗiye shi a 2002. Da Legend ya bi Ni ya karye a 1997, da yau babu wanda zai tuna da shi balle ya zage shi.

Akwai kuma raini da nake ji a bakin masu kiran Lenovo "mai harhaɗawa kawai", kamar harhaɗawar wasa ce. Kai kwamfuta miliyan sittin ko saba'in hannun masu saye a shekara, a ƙasashe fiye da ɗari, daga masana'antu a Hefei da Wuhan da Meziko da Indiya da Hangari, a kasuwar da kaya ke tsufa cikin watanni, ilimi ne mai zaman kansa. Wanda ya taɓa ajiye kayan lantarki a shago ya ga farashinsu na narkewa kamar ƙanƙara ya san abin da nake nufi. A Najeriya ma an gwada, Zinox ya fito da kwamfuta mai sunan gida a 2001, amma har yau in ka shiga kasuwar kwamfuta a Ikeja ko titin Beirut a Kano, HP da Dell da Lenovo na hannu su suka cika kantoci.

To, ina muka rabu da Liu da magajinsa? A ranar da kuɗi ya zo.

A 2003 aka sauya sunan Legend zuwa Lenovo, domin a ƙasashe da yawa wasu sun riga sun yi rajistar tsohon sunan. A Disambar 2004 aka sanar da abin da ya girgiza kowa: Lenovo zai sayi sashen kwamfutocin IBM, kamfanin da ya fito da irin wannan kwamfuta a 1981. Dala biliyan 1.25 kuɗi da hannun jari, ga bashin dala miliyan 500 da ya ɗauka. Cinikin sashen ya ninka na Lenovo kusan sau uku, shi ya sa Sinawa suka ce maciji ya haɗiye giwa. Giwar kuwa ba lafiyayya ba ce, ta yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a shekaru uku da rabi kafin a sayar da ita. IBM ya san abin da yake yi, ya ga riba ta ƙaura daga akwatin kwamfuta ta koma manhaja da hidima.

Duk da haka ban ga laifin wannan ciniki ba. Da shi Lenovo ya samu sunan ThinkPad, ya samu injiniyoyin ɗakin bincike na Yamato a Japan da na Karolina ta Arewa, ya samu ƙofar shiga ofisoshin manyan kamfanonin duniya da ba za su taɓa sayen wani abu mai suna Legend ba. Kuma ya yi abin da 'yan kasuwa kaɗan ke iyawa, ya haɗiye girman kai. Yang ya kwashe iyalinsa ya koma Amurka, aka mai da Turanci harshen aiki, aka ba Ba'amurke kujerar shugaban gudanarwa, na farko daga IBM, na biyu William Amelio daga Dell. Narkar da giwar ta yi wuya. A 2006 ma'aikatar harkokin wajen Amurka, bayan surutun 'yan majalisa, ta ce kwamfutocin Lenovo 16,000 da ta saya ba za su taɓa bayanan sirri ba. A shekarar kuɗi ta 2008 zuwa 2009 kamfanin ya faɗi da dala miliyan 226, har Liu ya dawo kujerar shugabanci, Yang ya karɓi gudanarwa, suka koma suka ƙarfafa kasuwar gida da ƙauyukan Sin. A 2011 suka haɗa gwiwa da NEC a Japan, suka sayi Medion a Jamus. A 2013 Lenovo ya ture HP ya zama na ɗaya a duniya.

Daga nan ne uzurin ya ƙare. Liu ya ce ciniki, ƙira, sannan fasaha. Ciniki ya samu, ƙira ta samu. Ana jiran na ukun sai aka ga an sake komawa kasuwa da jaka. A watan Janairun 2014, cikin mako guda, Lenovo ya sanar da sayen sashen ƙananan sabobin IBM, wato kwamfutocin da ke ajiye bayanai suna yi wa sauran kwamfutoci hidima, a kan dala biliyan 2.3, da kuma Motorola daga hannun Google a kan dala biliyan 2.91. Cinikin Motorola shi ne ya fi tsaya min a rai. Google ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 12.5 shekara biyu kacal kafin nan, kuma da ya tashi sayarwa ya riƙe mafi yawan takardun mallakar fasaharsa, ya miƙa wa Lenovo suna da ma'aikata da wayoyi. An sha romon, an tsame naman, an sayar masa da tukunyar. Shekarar kuɗi ta 2015 zuwa 2016 ta rufe da faɗuwar dala miliyan 128, a cikin Sin kuwa Huawei da Xiaomi da Oppo da Vivo suka share wayoyin Lenovo daga kasuwa. Motorola ya farfaɗo daga baya, musamman a Latin Amurka, amma dala biliyan biyar da aka kashe a wata ɗaya ba kuɗin talaka ba ne. Wanda ya iya fitar da su ba zai ce mana babu ruwan ciki ba.

Ga lissafin da ke nuna halin gidan. A shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 Lenovo ya yi cinikin dala biliyan 71.6, ribarsa dala biliyan biyu da 'yan kai. Wato a kowace dala ɗari da ta shigo, abin da ya kwana a aljihunsa bai kai dala uku ba. Abin da ya kashe a bincike shi ma kusan kashi uku ne cikin ɗari na cinikinsa. Huawei a 2022 ya kashe rubu'in cinikinsa a bincike. Kuma kada a manta, Huawei ma da dillanci ya fara. Ren Zhengfei ya kafa shi a Shenzhen a 1987 yana sayar da na'urorin tarho da yake sarowa daga Hong Kong. Tsarin Liu ya bi, ciniki kafin komai. Bambancin shi ne da riba ta fara shigowa ya juya ta ɗakin bincike, a 2004 ya kafa HiSilicon don zana cip nasa. Saboda haka Huawei bai tabbatar da maganar Ni ta 1994 ba. Ya nuna ne cewa jerin Liu na da mataki na uku, kuma ana iya taka shi.

Ƙarancin riba na sa mutum abin kunya. A 2015 aka gano Lenovo na sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke kutsawa tsakanin mai kwamfuta da shafukan da yake ziyarta, har ta buɗe ƙofar da ɓarayin intanet za su iya bi. A 2017 kamfanin ya sasanta da hukumar kula da ciniki ta Amurka, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. ThinkPad ba ta ciki, amma tabon ya shafi gidan duka. Ni a ganina wannan ba aikin leƙen asiri ba ne kamar yadda wasu suka so su fassara shi, aikin wanda ke neman ƙarin 'yan kwabbai ne a kan kowace na'ura saboda ribar gaske na tafiya wani wuri.

Na san amsar da masu kare Lenovo za su ba ni, kuma tana da nauyi. Za su ce dubi abin da ya sami Huawei. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa shi a jerin waɗanda aka hana sayar wa fasaharta, a 2020 ya sayar da Honor, wani sashen wayoyinsa, don ya tsira, a 2021 cinikinsa ya zube da fiye da rubu'i. Lenovo kuwa yana nan yana ciniki a Washington da Beijing lokaci guda, yana da hedikwata a Beijing da Morrisville ta Amurka, a 2024 ma wani kamfanin asusun zuba jarin Saudiyya mai suna Alat ya sa masa dala biliyan biyu da yarjejeniyar gina masana'anta a Riyad. Za su ƙara da cewa a jerin manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, tun 2018 babu kamfanin da ya kai shi yawan na'urori, kuma dabararsa ta sanyaya su da ruwa tasa ce. Duk gaskiya ne. Amma in ka buɗe cikin waɗannan manyan na'urori, Intel da AMD da Nvidia za ka tarar. An bar Lenovo ya sha iska ne saboda kowace kwamfutar da ya sayar kuɗi ne ga kamfanonin Amurka. Zaman lafiyar ɗan haya ke nan, yana da daɗi matuƙar mai gida bai sauya fuska ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sinawa sun ga yadda mai gida ke sauya fuska a watan Afrilun 2018, lokacin da Amurka ta hana a sayar wa ZTE, kamfanin kayan sadarwa na Sin, sassa, katafaren kamfani ya tsayar da aiki cikin makonni. A ranakun ne aka tono sunan Ni Guangnan, tsoho ɗan kusan tamanin, aka mai da shi gwarzon da ba a saurara ba. Fushin ya sauka kan Lenovo. Aka zarge shi da ƙin mara wa Huawei baya a wata ƙuri'ar tsara ƙa'idojin 5G ta 2016, har Liu ya fito da wasiƙa yana kare kamfanin, Huawei ma ya ce Lenovo ya zaɓe shi. A 2021 Lenovo ya nemi shiga sashen kamfanonin fasaha na kasuwar hannun jarin Shanghai, ya janye takardunsa cikin kwanaki. Sai mai sharhi Sima Nan ya taso da jerin bidiyo yana cewa an karkatar da dukiyar ƙasa, yana nuni da kashi 29 cikin ɗari na uwar kamfanin da Cibiyar Kimiyya ta sayar wa wani kamfani mai zaman kansa a 2009, da kuma albashin manyan shugabanni.

Wannan salon zagi ban saye shi ba. Yuwan 200,000 da hukuma ta sa ya haifar mata da dukiyar da ta ninka shi sau dubbai, kuma kiran ɗan kasuwa maci amanar ƙasa saboda ya ɗauki baƙi aiki ko ya buɗe ofis a Amurka hayaniya ce ta masu neman mabiya. Tuhumata ta fi wannan sauƙi, kuma ina jin ta fi wuyar amsawa. Mutumin da ya ce a yi haƙuri, fasaha na zuwa bayan ciniki, ya ɗauki alkawari. An ba shi shekara goma, an ƙara masa goma, ya zama na ɗaya a duniya, ya tara abin da ko a mafarki mutanen ɗakin mai gadi ba su gani ba. Da ya buɗe jakar, sunaye ya saya.

Liu ya yi ritaya a Disambar 2019 yana da shekara 75. Yang na nan kan kujera, yanzu bakinsa bai rabo da maganar ƙirƙirarriyar basira, kuma kamfanin ya ƙara abin da yake kashewa a bincike. Ni Guangnan, wanda aka haifa a 1939, ya ci gaba da bin taruka yana kiran Sinawa su rungumi RISC-V, wani tsarin zana cip da ba mallakin kamfani ɗaya ba. A watan Agustan 2023 Huawei ya fitar da wayar Mate 60 Pro da cip ɗin da ya zana, aka kuma ƙera shi a cikin Sin, shekara huɗu bayan an ce an gama da shi. Tawa ThinkPad ɗin tana nan tana aiki, batirinta ne kawai ya gaji. Kwanaki na leƙa sababbin da aka kawo kasuwa don in ga ko zan canza, na ɗaga murfin guda uku. Biyu Intel, ɗaya AMD.